Hausar Wa Za A Rubuta Cikin Wikipedia?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana a kan wani aiki da ya shafi dukan mai jin Hausa, ko da ya ke ba kowa ya kula da shi ba.

Akwai wani babban kundi na ilmi cikin intanet da a ke kira Wikipedia, wanda aka fara a Amurka ran 15 ga Janairu, 2001. Ba a biyan masu rubuta shi ko anini. Wanda ya ga dama ya shiga ya ƙara, ko ya gyara abin da wani ya rubuta. Yanzu ana rubuta shi da harsuna fiye da 300, har da Hausa. Kowane harshe yana da masu kula da aiki, waɗanda marubuta da kansu su ke zaɓa, su ne kuwa ke da ikon share shafi ko hana mutum rubutu. Samarinmu da ke wannan aiki sun cancanci yabo. Amma fa akwai abin dubawa.

Ni akawu ne a nan Magama, bakin iyaka, Katsina tana bayana, Ɗan Isa da Maradi suna gabana. Kullum Hausa iri biyu ke shiga kunnena. Mutumin Nijeriya ya ce kwastan, na Nijar ya ce duwan. Wannan ya kai ɗansa makaranta, wancan ya kai nasa lakwal wurin mushe. Kai, ko jaka ba ɗaya ba ce, gama a Maradi tana nufin sefa 1,000, mu kuwa da muka ce jaka naira 200 mu ke nufi. Har wajen rubutu, harafin da mu ke rubutawa 'y su suna rubuta shi ƴ, duk da taron daidaita haruffa da aka yi a Bamako cikin 1966. A makarantar mishan da na yi, Hausar Kano aka koya mini rubutawa, ban kuwa raina ta ba, domin tilas a sami ma'auni guda. Amma in mutumin Maradi ya rubuta duwan, wani ya zo ya kankare, ya ce ba Hausa ba ce, to, anya zai sake dawowa? Mu da muka ara wa Turawan Ingila, ina mu ina yi wa wanda ya ara wa Faransa dariya?

Wannan duk mai sauƙi ne a kan batun tarihi. Sa'ad da Ummarun Dallaje da abokansa suka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta zauna Maradi, har yau kuwa Sarkin Katsina a ke ce da mai sarautar can. Sunan Ɗan Baskore in ka ambata shi a Maradi, sunan jarumi ka ambata, wanda ya nemi karɓo gadon ubanninsa. A wannan ɓangare kuwa tsofaffi hare-harensa su ke tunawa. Dokar Wikipedia ta ce kada marubuci ya ɗauki gefe, ya kawo maganar kowa gwargwadon hujjarsa. Madalla. Amma wata dokar ta ce ba a karɓar magana sai wadda aka riga aka buga a wani wuri amintacce. To, galibin labarin mutanen can yana bakin makaɗan fada da dattawa, abin da aka buga kuwa yawancinsa da Faransanci ne, wanda samarinmu ba su karantawa. Ta haka sai shafi ya karkata ba da nufin kowa ba.

Kada jama'a su zaci ɓarna ba ta yiwuwa sai da mugun nufi. Cikin 2020 aka gano wani yaro Ba'amurke ya rubuta shafi fiye da 20,000 cikin Wikipedia ta harshen mutanen Sikotilan, alhali bai iya harshen ba. Shekaru yana yi, har ya zama mai kula da aiki, sabo da masu harshen ba su wurin balle su tsawata. Niyyarsa taimako ce.

Hukumar Wikimedia, wadda ke riƙe da kundin tun 2003, ta zartar da dokar zaman tare ta dukan harsuna a ƙarshen 2020, ta hana zagi da wulakanta mutum sabo da ƙasarsa ko addininsa ko harshensa. Doka ce mai kyau, sai dai iyakarta hana kora, ba ta zuwa ta kirawo wanda bai zo ba. Wannan aikinmu ne.

Ga abin da na ke roƙon masu kula da sashen Hausa. Su rubuta a fili cewa kalmar Nijar da ta Nijeriya duka halal ne, a ajiye su tare a farkon shafi, kada a share ɗaya. In za a yi shawara ko zaɓe, a yi da Hausa zalla, gama da an juya Turanci an rufe wa mutanen Maradi da Damagaram da Tawa ƙofa. A kuma nemi mutanen can su tsaya zaɓe, maza da mata. Game da labarin baka kuwa, akwai cibiya a Yamai tun 1968 wadda aikinta ke nan, watau tattara tarihin baka, kuma abin da ta buga ya isa hujja. An rufe iyakar nan cikin 2019, an sake rufe ta cikin 2023, motoci suka tsaya, amma ban ga ranar da mutanen Jibiya da na Ɗan Isa suka bukaci tafinta ba.

Ina so malaman Katsina da na Maradi masu karanta jaridar nan su ba ni amsa, musamman a kan batun Ɗan Baskore.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Magama.