ALKAWARIN KWAMFUTAR GEM DA ALBASHIN MA'AIKACI

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba, ko da yake in kun bi ni a hankali za ku ga ba mu yi nisa da ita ba.

A farkon 2023 na yi wa babban yarona alkawari cewa in ya ci jarrabawar ƙaramar sakandare da kyau, zan haɗa masa kwamfutar tebur ta gem. Ba gata ne ya yi min yawa ba. Na gaji ne da zuwa ɗauko shi daga shagon gem na bayan layinmu bayan sallar isha'i, cikin hayaƙin janareta da na sigari, tare da samarin da suka girme shi nesa ba kusa ba. Na ce gara ya buga ƙwallonsa a falo ina ganinsa. Lokacin na yi lissafi: kayan dala 500 ne, dala kuma tana wajen naira 750 a Wapa, wato abin bai kai dubu 400 ba. Na ce in na matse zan iya.

Yaro ya cika nasa alkawarin. Ni kuwa sai ƙasa ta juya min lissafi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kayan nan ba su ƙara ko kusa ɗaya ba, amma sun koma dubu 750. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Ku raba ku gani: fiye da wata goma, ba ci ba sha. Kusan shekara biyu yaron nan bai taɓa tuna min ba, kuma wallahi shirunsa ya fi damuna fiye da a ce ya yi ta naci.

A farkon 2025 na kwashi adashin ofis, na kira shi na ce ga abin da ke akwai, ba ƙari. Sai ya shiga ɗaki ya fito da littafin makaranta mai shafi arba'in, cike da sunayen kaya da farashi, wasu an soke an sake rubutawa sau uku. Ashe duk tsawon lokacin nan bin kasuwa yake yi.

Abu na farko da na koya a wajensa shi ne ba da kaya ake farawa ba, da tambaya ake farawa: wane gem za a buga, a kan wane allo? Shi EA Sports FC yake so, wanda mu muka sani da FIFA, sai GTA V, a allon 1080p. Wannan amsar kaɗai ta zaftare rabin abin da 'yan kasuwa za su so su ɗora maka.

Kaso mafi tsoka na kuɗin katin hoto ne ya cinye, domin shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a gem. Mun tsaya tsakanin RX 6600 mai 8GB da RTX 3060 mai 12GB. Na biyun ya fi tsada, kuma yana jan wat 170, na farkon kuwa 132. Ga wanda ke sayen wuta ta mita, ko yake lallaɓa batirin sola, wannan bambancin ba wasa ba ne. Muka ɗauki RX 6600 na hannu. A shagunan Farm Centre da titin Beirut mun ga RX 580 da arha har na fara lasar baki, yaron ya ja ni gefe ya ce, "Abba, wannan na 2017 ne, wat 185 yake ci, kuma da irinsa aka yi ta haƙar kirifto dare da rana." Da Ethereum ta daina haƙa da katin hoto a Satumbar 2022, sai aka kwaso su aka watsa kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma kada ka biya kuɗin katin hannu sai an jona shi a gabanka, an buɗe gem mai nauyi na kamar rabin awa, kana kallon zafinsa, kana sauraron fankokinsa, kana duba ko hoto zai yi ɗigo-ɗigo.

A wajen furosesa ni na so na zamani, irin tunaninmu na "a sayi mai kyau sau ɗaya". Ya nuna min cewa sababbin Ryzen na AM5 dole sai da RAM ɗin DDR5 da sabon madabod, kuɗi ya hau kuɗi. Muka koma Ryzen 5 5600 mai ƙwaƙwalwa shida, wat 65, wanda ke zama a kan AM4 da DDR4, kuma da fankarsa yake zuwa a kwali. Mai sayen madabod B450 ya tabbatar an sabunta masa BIOS tukuna, in ba haka ba zai iya ƙin tashi da wannan furosesan. RAM muka sayi 8GB guda biyu maimakon 16GB guda ɗaya, saboda in suna biyu hanya biyu suke bi, aiki ya fi gudu. Ma'ajiya SSD ta NVMe mai 500GB. Ta yi kaɗan, don akwai gem ɗin da shi kaɗai ya haura 100GB, to amma tunda aka amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wa zai sauke da yawa?

Wuri biyu muka yi saɓani. Na farko akwatin: shi mai gilashi da fitilu kala-kala yake so, na ce a'a, a Kanon da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, hunturu kuma ya zo da ƙura, mai raga a gaba da matatar ƙura za mu saya. Nan na yi daidai.

Na biyu shi ne inda na tafka kuskure. Kuɗi ya kusa ƙarewa, saura fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa kowane sashe wuta. Ya rubuta mai wat 550 na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus Bronze. Wani mai shago ya miƙo min wata an rubuta wat 650 ɓaro-ɓaro a jikinta, a ƙasa da rabin kuɗin, ya ce, "Yallaɓai, duk aikin ɗaya ne." Yaron ya ɗaga ta a hannu ya ce, "Abba, ba ta da nauyi, kamar gwangwani." Na ce masa 650 ai ta fi 550, lissafi ne, kuma ni ke biya. Ya yi shiru.

Sati uku muka yi. Wani dare aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, muka ji "tas!" sai ƙauri. Ta tafi, kuma ba ita kaɗai ba, ta ja madabod ɗin sun tafi tare. Allah Ya taimaka katin hoto da furosesa suka tsira. Abin da na so in rage, sai da na biya ninkinsa, har da sitabilaiza da ya kamata tun farko mu sa a lissafi. Mu da muka ga yadda Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu a Oktoban 2024, ai bai kamata a tuna mana halin wutarmu ba. Maman yara ta ce da ma kuɗin nan buhunan shinkafa aka saya, ban iya ce mata komai ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, shekara goma sha takwas ina aikin gwamnati, na sha zama a taron da ake zaɓar kaya don lambar da ke jikin kwali da arhar farashi, ƙaramin ma'aikacin da ya san aikin yana gefe ba a tambaye shi ba, bayan wata shida a dawo neman kuɗin gyara. Na sha yin gunaguni a kan haka. Sai ga shi na yi irinsa a cikin gidana. Washegari na kira yaron na ce masa shi ne da gaskiya. Kunya ta hana shi ɗago kai, amma na ga murmushin.

Yanzu kwamfutar tana aiki lafiya. Doka ita ce ba gem sai Juma'a da yamma zuwa Lahadi, kuma in an kira salla a tashi ko ana tsakiyar wasa. Ya fara koyon zane da Blender, wanda kyauta ake sauke shi, har ya zana ƙofar gidanmu.

Masu niyya, ku sani tun ƙarshen 2025 RAM ya yi tashin gwauron zabo saboda kamfanonin AI suna kwashe shi, don haka ku sake tambayar farashi kafin ku yi wa yaro alkawari. Ku rage a akwati, ku rage a fitilu, amma ban da fawa saflai.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa wa ɗan abin da muke samu albarka.