Littafin da Na Ƙwace a Tsakiyar Labari

A wajen masu baza littattafan gwanjo a bakin titi na saye shi, kuma hotuna kawai na duba. Ga doki mai fukafukai, ga jirgin ruwa, ga wani yaro yana shawagi kusa da rana. Tatsuniyoyin Girkawan dā ne da Turanci mai sauƙi. Na ce wannan zai gyara wa 'yata Turancinta, na miƙa mata, na tafi harkokina. Ko shafi ɗaya ban karanta ba. A ganina, tunda akwai zane mai launi, ai na yara ne.

Da daddare uwarta ta ce min yarinyar ta ƙi barci, tana tambaya ko uba yana iya haɗiye 'ya'yansa. Ashe ta kai labarin Kuronos, wanda aka yi wa duba cewa ɗansa zai tumɓuke shi daga mulki, shi ya sa duk jaririn da matarsa Riya ta haifa sai ya haɗiye, har guda biyar. Mai zanen kuwa bai rage komai ba. Ina cikin juya shafin sai ƙanenta ya ce, "Abba, wai Zus shi ne Allahn Turawa?" Gabana ya faɗi. Na fizge littafin, na ce na arna ne, na jefa shi saman kwaba.

Wannan fizgewar ta fi sayen muni, ko da yake a lokacin gani nake na yi aikin uba. Abin da ban sani ba, a shafi na gaba Riya take naɗe dutse a zanen goyo ta ba mijin ya haɗiye, ta ɓoye ɗanta Zus a wani kogo a tsibirin Kirit, ya girma ya dawo ya sa uban ya amayo 'yan uwansa da ransu. Ni kuwa na tsayar da labarin daidai inda yaran suke cikin tumbi, na bar yarinya da su a can. Na kuma ɗora mata wani nauyin, don daga baya ta tambayi uwarta ko ta yi zunubi da ta karanta.

Hajiya, mahaifiyata, ce ta yi min gyara, ba ta kuma sassauta ba. Ta ce, "Kai da ka tashi da labarin Dodo, wa ya taɓa ba ka shi kai kaɗai a ɗaki? Da ga ta nan ga ta nanku muke buɗewa, ba kuma a tashi sai an kai ƙurunƙus." Gaskiyarta. Mai ba da tatsuniya yana kallon fuskar yaro, ya san inda zai yi sauri da inda zai sako abin dariya. Littafi ba ya ganin kowa, hoto kuma ya fi magana daɗewa a zuciyar yaro.

Sai na sauko da shi na karanta, na kuma bi asalinsa. Labarin Kuronos yana cikin waƙar mawaƙin Girka Hesiyod, wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ba don yara aka tsara ta ba. Mayar da irin waɗannan labarai karatun yara aiki ne na baya-bayan nan. A 1851 Nathaniel Hawthorne na Amurka ya fitar da A Wonder-Book for Girls and Boys, ya wanke su tas, har ya ƙirƙiro wa Sarki Midas 'ya wadda ta zama zinariya da ya taɓa ta, alhali babu ita a ruwayar Obid ɗan Rum. A 1962 mata da miji, Ingri da Edgar d'Aulaire, suka fitar da nasu mai hotuna, wanda har yau ake bugawa. Kowane irin littafin nan, akwai wanda ya zauna ya zaɓi abin da zai bari da abin da zai cire, bisa ga yaran garinsu. Nawa yaran ba sa cikin lissafinsa.

Tambayar ƙanen ta fi wuya. Na so in ce masa duk tatsuniya ce kamar ta Gizo, in huta, amma da na yi ƙarya. Girkawa sun bauta wa waɗannan gumaka da gaske: ginin Fatenon a Atina na Atena ne, wasannin Olimfiya na dā kuma don girmama Zus ake yin su. Haka na faɗa masa. Na ce mutanen wancan zamani sun ɗauke su abin bauta, mu ba mu ɗauka ba, yawancin mutanen Girka ma yau Kiristoci ne, labaran ne suka rage. Ya ce to, ya tambaya ko dokin nan yana cin dusa.

Yanzu tare muke karantawa, ni kuma nakan riga su da dare ɗaya. Ba na bin Hawthorne wajen wanke komai, don yaro yana iya ɗaukar abin tsoro in an raka shi har ƙarshe. Amma labaran Zus da matan mutane na tsallake su, na kuma gaya wa 'yata a fili cewa na tsallake, sai ta ƙara girma. Mun wuce Ikarus, yaron nan mai shawagi kusa da rana, mun shiga Odisiyus da ƙaton nan mai ido ɗaya, kuma gardamar gidan a halin yanzu ita ce ko Odisiyus ya fi Gizo wayo. Hajiya tana bayan Gizo.