Kunne Tukuna, Sa'an Nan Harshe

Karatu: Markus 7:31-37

'Yan'uwa matasa, ku lura da yadda Ubangijinmu Yesu ya yi da kurman nan mai i'ina da aka kawo masa a yankin Dikafolis. Ya ja shi gefe daga cikin taro, ya sa yatsunsa a kunnuwansa tukuna, sa'an nan ya taɓa harshensa. Ma'aikatan lafiya ma da kunne suke farawa in aka kawo musu yaron da ya makara da magana.

A 'yan ƙananan ikilisiyoyinmu na Sabon Birni da Isa muna da irin yaran nan. Yaro ya shekara 3, ko "mama" bai faɗa ba. Mun san abin da ake cewa: namiji ne, maza ba su da saurin baki, kakansa ma haka ya yi, an yi masa asiri. Wasu sukan kai shi wurin wanzami a yanka masa ƙarƙashin harshe. Wasu kuma su ɗora laifin a kan harsuna biyu, wai yana jin Hausa a waje, yana jin yaren iyayensa a gida. Harsuna biyu ba sa hana yaro magana, kada ku bar uwa ta daina yi wa ɗanta yarenta saboda wannan.

Galibi yaro kan fara furta kalma wajen shekara 1, a shekara 2 kuma yana haɗa kalmomi biyu. In ya wuce haka shiru, mu tambayi kanmu: yana ji kuwa? A ƙasar nan tamu ta sanƙarau da ƙyanda, da kunnen da yake ta zubar da mugunya ana tura masa auduga, yara da yawa sun rasa jinsu ba wanda ya sani. Ku tsaya a bayansa inda ba ya ganinku, ku kira sunansa a hankali. Ko ya waiwaya, gwajin asibiti ne mai tabbatarwa. A fara da babban asibitin gari, a nemi takardar zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mun san halin hanya, mun san fargabar 'yan bindiga da tsadar mota. Amma shekarun farkon nan ba sa jiran hanya ta gyaru.

Ƙwararrun koyar da magana kaɗan ne a Najeriya, yawancinsu a manyan birane. Ko an dace da ɗaya, babban aikin a gida yake, a nan ne kuma ku malaman makarantar Lahadi kuke da amfani. Ku durƙusa daidai tsayin yaron, ya ga bakinku. Abin da yake kallo shi za ku ambata: in akuya ce, ku ce "akuya", sai ku yi shiru ku jira shi. Jiran nan ya fi kome wuya, domin mu manya ba ma haƙuri da shiru. In ya ce "ruwa", ku ce "ruwan sanyi". Ban da tsawa, ban da "faɗi mana!" a gaban jama'a. Waya kuma ba ta amsa wa yaro, a karɓe ta a zauna da shi. Mai i'ina kada a ƙarasa masa kalma, kada a bar 'yan aji su kwaikwaye shi; ku tuna Musa ma ya yi kukan nauyin baki a Fitowa sura 4, Allah bai fasa aikensa ba.

Akwai kuma yaron da dā yana magana, ya daina tun daren da aka kawo hari ƙauyensu. Wannan a kai shi ga likita da wuri, a kuma bar matsa masa ya ba da labari.

In gwaji ya nuna kurma ne, maganar hannu harshe ce cikakkiya, akwai kuma makarantar A. A. Raji a Sakkwato mai koyar da irinsu. Za mu ci gaba da ɗora musu hannu muna addu'a kowace Lahadi. Muna kuma roƙon zumuntar matasa ta ware wani abu daga baikonta don kuɗin mota, a sami mutum ɗaya da ya san Sakkwato ya raka uwa da ɗanta.