Auta yana jiran littafi na biyu

A garin Filinge, cikin ƙasar Kurfai, akwai wani yaro ɗan aji biyar. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, saboda haka kowa Auta yake ce masa. Yayansa soja ne, yana aiki can arewa, kusa da iyakar Mali. Kawunsa kuwa ɗan kasuwa ne, yakan je Kano sau biyu ko uku a shekara.

Cikin hutun damina na shekarar 2019, kawu ya kawo wa Auta tsaraba. Wani ɗan littafi ne na Hausa, irin littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano. Marubutansu suna da yawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Irin waɗannan littattafai ba su ƙarewa a kashi ɗaya. Akan sami na ɗaya, da na biyu, da na uku, har gaba.

Auta ya karance littafin cikin kwana biyu. Da dare ya karanta wa abokansa a ƙofar gida, ana haska masa da tocila. A shafin ƙarshe, abokan gaba sun kewaye jarumin, takobinsa ya karye. Nan labarin ya tsaya.

Yara suka yi tsaye. Wani ya ce: «To, sai mi ya faru?»

Auta ya ce: «Sai kawu ya koma Kano.»

Amma kawu bai koma ba. Cikin watan Agusta na wannan shekara, Najeriya ta rufe iyakarta. Motocin kaya suka yi jerin gwano a bakin iyaka. Littafi na biyu ya kasance can Kano, Auta yana nan Filinge.

Da aka koma makaranta cikin Oktoba, malam ya lura Auta ba ya rabuwa da littafin. Har bangonsa ya yage. Auta ya faɗa masa damuwarsa. Malam ya yi murmushi, ya ce: «Ba kai ne farkon mai jira ba. Ku saurara.»

Ya ce a ƙasar Ingila an yi wani marubuci, H. G. Wells. Ya rubuta labarin wasu halittu da suka zo daga duniyar Mars don su ci ƙasar mutane da yaƙi. Suna tafiya cikin manyan injuna masu ƙafa uku, suna ƙone gari da zafin haske. Ba a buga labarin gaba ɗaya ba. Wata mujalla ce ta riƙa fitar da shi kaɗan-kaɗan, daga Afrilu zuwa Disamba na 1897. Masu karatu sai sun jira wata guda kafin su ji ci gaban. A ƙarshe, ba bindiga ce ta kashe baƙin ba. Ƙwayoyin cuta ne, waɗanda ido ba ya gani.

Wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce: «Malam, da Hausa fa, babu labarin samaniya?»

Malam ya ce akwai. Labarin yaƙi dai ya daɗe cikin littattafanmu: tun 1934 aka buga Ganɗoki na Bello Kagara. Na samaniya kuwa, a 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda baƙo daga sama ya ɗauka ya tafi da shi yawon sararin samaniya. Irin wannan labari ana ce masa ƙagaggen labarin kimiyya, domin marubucin yakan ɗauki abin da masana suka gano, ya gina ƙirƙirarsa a kai.

Sa'an nan malam ya ba su labarin da ya fi zama a zuciyar Auta. Wani Ba'amurke, Joe Haldeman, ya yi aikin soja a yaƙin Biyetnam, har aka ji masa rauni. Da ya komo gida, ya rubuta littafi mai suna The Forever War, wato yaƙin da ba ya ƙarewa. An buga shi a 1974. Sojan cikin labarin yana tafiya fagen fama cikin jirgi mai gudu kusan kamar haske.

Malam ya rubuta a allo: haske yana cin kilomita 300.000 cikin daƙiƙa ɗaya. Ya ce tun 1905 masanin nan Einstein ya nuna cewa wanda ke gudu kusa da gudun haske, lokacinsa yana tafiya a hankali. Don haka sojan ya ga kamar shekara biyu ya yi a tafiya, amma da ya sauko duniya, shekaru fiye da 20 sun wuce. Uwarsa ta tsufa. Garinsu ya sake, har bai gane shi ba. Yaƙin ya kai shekara fiye da 1000. Daga baya aka gane rashin fahimtar juna ne ya haddasa shi. Masu son littafin kuwa sai a 1999 suka sami ci gaban labarin sojan. Shekara 25 ke nan suna jira!

Ƴan aji suka yi dariya. Auta bai yi ba. Ya tuna da yayansa.

Ranar 9 ga Janairu 2020, ƴan bindiga suka kai hari a barikin soja na Shinagodar, kusa da iyakar Mali. Sojoji 89 suka rasu. Labari ya iso Filinge. Inna ta kira wayar yaya, ba ta shiga ba. Ta sake kira, shiru. Ta zauna bakin murhu da wayar a hannu, tuwo ya huce ba wanda ya ci.

Auta ya ce: «Inna, ki kwanta, dare ya yi.»

Ta ce: «Je ka kai, ɗana. Ni ina jira.»

Sai a rana ta huɗu wayar ta yi ƙara. Yaya ne. Ba a barikin nan yake ba, lafiyarsa lau. Amma muryarsa ta yi sanyi, domin akwai abokansa cikin waɗanda suka rasu.

Daga ran nan Auta ya gane jira iri biyu ne. Jiran littafi yana da daɗi, don ko jarumi ya faɗi, sai ka rufe shafi ka tafi kiwo. Jiran inna kuwa ba daɗi cikinsa ko kaɗan.

Bai daina son littafinsa ba. Malam ya ba shi shawara: tun da na biyu bai zo ba, ya rubuta nasa. Auta ya sayi kaye, ya duƙufa. A nasa labarin, jarumin ya sami jirgin samaniya, ya tsere wa abokan gaba, ya sauka a Dallol Boso. Ya tarar da uwarsa tana daka gero, ba ta tsufa ba.

An buɗe iyaka cikin Disamba 2020. Bayan wata biyu kawu ya kawo littafi na biyu. A makon nan yaya yana gida, ya zo hutu. Auta ya karanta masa duka biyun, na Kano da na cikin kaye.

Yaya ya yi shiru, can ya ce: «Na Kano ya fi faɗa. Amma naka nake so, ƙanena. Yaushe za ka rubuta na uku?»

TAMBAYOYI

1. Mi ya hana kawu komawa Kano?
2. Mi ya kashe baƙin da suka zo daga Mars?
3. Don mi sojan cikin labarin Haldeman ya tarar da uwarsa ta tsufa?
4. Wane bambanci ke tsakanin jiran Auta da jiran inna?

AIKI

Ku tambayi wani tsoho a unguwarku labarin yaƙin da ya ji daga kakanninsa. Ku rubuta shi, ku tsaya a inda ya fi daɗi. Gobe abokin zamanku zai ƙarasa shi.