Ledar Kawu Saje

Kawuna, yayan mahaifiyata, bai taɓa cewa yana ciwo ba. Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Gummi da Saje ya san shi, ko da yake ya ajiye kaki tun kafin a haife ni. A 1968 ya shiga soja, yaƙin basasa na tsaka da ci, ya dawo da tabon harsashi a cinya da wata irin tafiya ta mutumin da shi kaɗai ke jin ganga. In na gaishe shi da jiki sai ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Soja shi ka ciwo?" Yana da wata baƙar leda da yake ratayewa a ƙusa bayan ƙyauren ɗakinsa. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya sauko da ita, ya zazzage a kan buzu, ya jera ƙwayoyi sahu-sahu kamar masu fareti, ya kora su da kunu. Ni ce mai kai kunun. Ban taɓa tambayar abin da ke cikin ledar ba, babu kuma wanda ya taɓa tambaya, har ranar da jikinsa ya kumbura, fitsari ya ɗauke, aka kai shi Sakkwato aka ce ƙoda ta gaza. Da daminar 2012 ya rasu.

Shekara biyu kafin nan, a 2010, gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum masu haƙar zinariya, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ta kashe yara kimanin 400. Wata 'yar'uwarmu da ta yi jinyar ɗanta a hannun likitocin ƙungiyar MSF ta ba mu labari cewa ba a ba yaro ƙwayar da ke wanke dalmar sai an ɗora shi a sikeli an kuma auna jininsa. Ran nan na fara jin cewa ashe magani ma awo gare shi kamar hatsi. Wannan labari da rasuwar Kawu su suka kai ni karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Bayan digiri na yi shekarar sanin makamar aiki da hukumar masu harhaɗa magunguna ta wajabta kafin a ba mutum lasisi, na yi hidimar ƙasa. Duk a bayan taga na yi su. A miƙo takarda, in karanta, in ƙirga, in rubuta "ɗaya da safe, ɗaya da dare," in ce Allah ya ƙara sauƙi. Hannun mara lafiya nake gani, da wuya in ga fuskarsa. Sai da na shiga horon ƙwarewa na gaba da digiri, ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Masu Harhaɗa Magunguna ta Afirka ta Yamma, aka tura ni wani asibitin sojoji a nan Arewa, sannan aka fitar da ni daga bayan tagar aka tsayar da ni a gefen gado. Da sassafe muke bin likitoci zagayen marasa lafiya, kuma aikina shi ne in san tarihin kowace ƙwaya da ke shiga bakin kowane mai gado: wa ya rubuta ta, don me, tun yaushe, kuma ko jikin zai iya fitar da ita.

Mai horar da mu wata Laftanar-Kanar ce, mace mai ƙarancin magana. A makon farko ta same ni na duƙufa a kan fayil, ta rufe shi da tafin hannunta ta ce, "Fayil yana gaya miki abin da aka rubuta ne. Abin da ake sha yana cikin leda. Ki ce a kawo miki ledar." Gabana ya faɗi, amma ban ce komai ba.

Yawancin masu zuwa asibitin ranar da ake duba hawan jini da ciwon suga 'yan mazan jiya ne. Akwai ragowar na yaƙin basasa, akwai waɗanda suka je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG, akwai kuma ƙananan shekaru da yaƙin Arewa maso Gabas ya tsofar da su da wuri. Halinsu ɗaya ne. Ba sa makara, ba sa gardama, kuma ba sa kuka da jiki. Da farko na ɗauka babu marasa lafiya masu sauƙin sha'ani kamarsu, don a wajen farar hula babban aikinmu shi ne lallashin mutum ya sha maganinsa. Daga baya na gane cewa matsalarsu kishiyar wannan ce, kuma ta fi ta ɓuya.

Wani tsohon Samanja ne ya koya mini. An kwantar da shi bayan jiri ya kayar da shi a banɗaki. Shekarunsa 75, nauyinsa kilo 52. A fayil magunguna huɗu aka rubuta masa. Da na roƙi ɗansa ya kawo ledar, sai ga tara. Akwai amlodifin na hawan jini har kala biyu, kamfani daban-daban, kwali daban-daban, ɗaya daga asibitinmu, ɗaya daga wani asibiti da ya je lokacin da ya ziyarci 'yarsa. Yana shan duka biyun, a zatonsa magani biyu ne. Amlodifin in ya yi yawa yakan kumbura ƙafa, to da ƙafar ta kumbura sai wani ya ƙara masa ƙwayar sa fitsari. Ga lisinofiril, shi ma na hawan jini. Ga metfomin na suga. A can ƙasan ledar kuma ga dikilofenak, wanda yake saye a kemis saboda gwiwa, kullum biyu, shekara da shekaru.

Na ce, "Baba, wa ya ce ka riƙa haɗa waɗannan biyun?"

Ya ce, "Likita."

"Wancan fa?"

"Shi ma likita."

"To da aka ba ka sabon, ba ka ajiye tsohon ba?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "'Yata, an ce in daina ne?"

Mutumin da ya girma a bakin fadama zai fi kowa gane abin da waɗannan ƙwayoyi ke yi wa ƙoda. Ƙoda matata ce, jini na shiga ta wata hanya yana fita ta wata, kuma sai da ƙarfin ruwa take tacewa. Dikilofenak yana tsuke mashigar, lisinofiril yana sassauta mafitar, ƙwayar fitsari kuma tana rage ruwan gulbin baki ɗaya. Kowanne shi kaɗai yana da amfaninsa. In suka haɗu a jikin tsoho, gona ce aka toshe mata lambatu a tsakiyar rani.

Awon kiriyatinin ɗinsa, wato dattin da ake duba yawansa a jini don sanin aikin ƙoda, ya nuna 1.8. A ido lambar ba ta da ban tsoro sosai. Kanar ta ce in lissafa. A cire shekarunsa daga 140, a ninka da nauyinsa, a raba da 72 sau awon: amsa ta fito 26. Ƙodar saurayi mai lafiya tana tace kusan 100 a minti ɗaya, kuma in aka yi ƙasa da 30 ba a barin mutum a kan metfomin, don yakan taru ya tsamama jini. Da dare na koma na karanta asalin wannan lissafi, sai na tarar da abin da ya hana ni barci. Likitoci biyu, Donald Cockcroft da Henry Gault, suka fitar da shi a 1976 daga awon maza 249 a wani asibitin 'yan mazan jiya da ke Montiriyal ta Kanada. Haka nan hujjar farko mai ƙarfi cewa sauko da hawan jini da magani yana hana shanyewar ɓarin jiki da mutuwa, daga asibitocin 'yan mazan jiya na Amurka ta fito, a binciken da Edward Freis ya jagoranta a kan maza 143, aka buga shi a 1967, shekarar da yaƙinmu ya ɓarke. Wato da jikin tsofaffin sojojin wata nahiya aka rubuta ilimin da nake auna Samanja da shi. Shi kuwa Kawu ya sha ƙwayoyin da ilimin ya haifar, awon bai taɓa isa gare shi ba.

Likitan da ke kula da Samanja ya karɓi shawarata, aka tsayar da abin tsayarwa, aka ba shi farasitamol da man shafawa don gwiwa. Cikin kwana goma awon ya fara saukowa. Ranar sallama na zauna na yi masa bayani cikin ladabi, irin yadda aka tarbiyyantar da ni in yi wa sa'an kakana magana: "Baba, da dai za ka haƙura da wannan, zai fi." Ya ce to. Na tafi ina jin na yi aiki.

Bayan wata ɗaya ya dawo, ledar na nan yadda take, har da amlodifin na biyu. Kuskuren nawa ne. A kunnensa abin da na faɗa shawara ce ta yarinya mai kirki, alhali takardar da ta sa shi shan ƙwayar umarni ce mai sa hannu, kuma a duniyar da ya yi shekara talatin da biyar a cikinta umarni ba ya tashi sai da wani umarni. Kanar ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa na rubuta sunayen magungunansa a kati da Hausa, waɗanda zai sha a sama, waɗanda aka soke a ƙasa da jan biro, likita ya sa hannu, aka buga hatimi. Ta ce ni zan karanta masa, a tsaye. Na ce, "Samanja, daga yau an soke waɗannan huɗun." Tsohon nan ya gyara zama, ya ce, "An gama." Da hannunsa ya ware su ya miƙo mini.

A asibitocin 'yan mazan jiya na Amurka, mai harhaɗa magunguna yakan yi shekara ɗaya ta horon gama-gari da wata ta biyu a fanni guda, daga nan a ba shi rubutaccen izinin ƙara magani ko rage shi ko soke shi a cikin iyakar da aka shata masa. Ba na cikin masu ganin duk abin da aka yi a can sai an kwafo shi nan, kuma na ga isassun likitocinmu da ke karɓar gyara da hannu biyu. Abin da ya fi damuna nisa ne. Manyan asibitocin sojojin ƙasa, irin na 44 da ke Kaduna da na 68 da ke Yaba a Legas, a birane suke, tsohon soja kuwa in ya yi ritaya garinsu yake komawa. Daga Gummi zuwa Kaduna sai an bi ta Anka da Gusau, hanyar da a shekarun nan ba a shigarta sai da addu'a. Wanda fanshonsa bai kai ƙarshen wata ba ba zai yi wannan tafiya don a leƙa ledarsa ba. Kemis na bakin kasuwa zai je, a yanko masa abin da kuɗinsa ya kai.

Da babbar sallar da ta wuce na je gida. Na tambayi Inna ko akwai sauran kayan Kawu, ta jawo akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ga lambobin yabonsa, ga takardar sallama daga aiki, ga ledar an ƙulle bakinta. Rubutun wasu kwalayen ya goge, amma na karanta abin da ya karantu: lisinofiril, ƙwayar fitsari, da fankon dikilofenak ɗauri guda da ya tara da zare, don shi ba ya yar da komai. Ajali na Allah ne, ba zan ɗora wa kwali ba. Sai dai na daɗe zaune a ƙasan ɗakin ina tuna kunun da nake kaiwa.

Inna ta ce abokinsa Kofur yana nan da rai, ido ne kawai ya yi rauni. Da la'asar na same shi a ƙofar gida kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki, ya ce lahiya lau. Na ce, "Baba, ina ledarka?" Ya yi dariya ya ce wa ya gaya mini yana da leda, sannan ya ƙwala wa jikansa kira ya ɗauko ta a bayan ƙyaure. Na shimfiɗa gyalena a kan tabarmar na zazzage. Goma sha ɗaya ne. Na ciro biro da kati, na tambaye shi shekarunsa.