Amanar Alƙalami A Hannun Mai Cike Takardun Haraji

 

Mu dai sana'armu ita ce yi wa mutane lissafi da cike musu takardun haraji. Daga watan Janairu zuwa ƙarshen Maris ba mu da hutu, domin a ƙarshen Janairu ne ma'aikatu da kamfanoni ke miƙa bayanin harajin da suka cire daga albashin ma'aikatansu, sa'an nan a ƙarshen Maris kowane mutum ke miƙa bayanin abin da ya samu a shekarar da ta wuce. A cikin waɗannan watanni muna ganin fatake da 'yan tireda da 'yan kwangila da ma'aikatan Gwamnati, kowa da tambayarsa. Yawancin tambayoyin nan kuwa, ko da yake da lissafi suke farawa, a kan addini suke ƙarewa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo su wannan fili.

Tun da fari mu faɗi inda muka tsaya. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A cikinta an umurci marubuci ya rubuta da adalci, an kuma umurci wanda ake bi ya yi shibta da tsoron Allah, kada ya tauye komai. Gaskiya ne maganar bashi ake yi a wurin, amma ladabin da ta koyar ya shafi duk wanda aka ba alƙalami don ya rubuta dukiyar wani. Mu da muke cike takarda marubuta ne, idan kuma muka sa hannu a ƙasanta mun zama shaidu. Shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai da Annabi (SAW) ya lissafa tare da shirka da saɓa wa iyaye, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim.

Tambayar da ta fi yawa ita ce: "Malam, ba yadda za a yi a rage mini?" Amsarmu kullum ita ce, akwai ragi iri biyu. Akwai wanda doka da kanta ta bayar, wannan haƙƙin mai dukiya ne, kuma idan muka yi sakaci muka bar shi ya biya fiye da abin da ke kansa, to mun ci amanarsa. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. Ta kuma yarda a cire abin da ma'aikaci ya zuba a asusun fansho, da asusun gidaje, da inshorar lafiya, kafin a yanka masa haraji. Wanda ke zaune a gidan haya ana yi masa rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa, muddin rangwamen bai wuce Naira 500,000 ba. Watau wanda ke biyan hayar Naira 600,000 a shekara za a cire masa Naira 120,000 daga kuɗin da za a yi wa haraji. Nemo wa mutum irin wannan shi ne aikinmu, don shi yake biyanmu lada.

Ragi na biyu shi ne a ɓoye abin da aka samu, ko a rubuta kashe kuɗin da ba a kashe ba, ko a ƙago rasit. Wannan ƙarya ce, ko da an sa mata wane suna. Mukan gaya wa mai dukiya a fili cewa ba za mu rubuta ba. Wasu su haƙura, wasu su kwashe takardunsu su tafi wurin wanda zai rubuta musu abin da suke so. Wannan asara ce a gare mu ba shakka, domin mu ma muna da iyali. Amma alƙalamin da ya saba da ƙarya don Alhaji, wata rana zai yi wa Alhajin kansa ƙarya.

Sau da yawa ma tsoro ne ke sa ɗan kasuwa neman a ɓoye, domin ya ɗauka a kan cinikinsa za a yanka masa haraji, alhali kuwa a kan riba ake yankawa. Ga misali. Mu ce ɗan tireda ya yi cinikin Naira miliyan 10 a shekara. Kayan da ya sayar, shi a kan miliyan 8 da rabi ya saro su. Hayar kanti da kuɗin mota da ladan yaran kanti sun ci Naira 500,000. Ribarsa ke nan miliyan ɗaya. An yafe masa 800,000, saura 200,000, a kanta kuma kashi 15 cikin ɗari zai biya, watau Naira 30,000. Amma fa ba zai sami wannan adalci ba sai in yana da littafi da rasit da za su nuna yadda ya saro da yadda ya sayar. Wanda ba shi da rubutu, ofishin haraji zai yi masa kirdado, kirdado kuwa ba kasafai yake faɗawa gefen mai biya ba.

Daga nan sai matsalar cakuɗa dukiya. Ɗan kasuwarmu mutum ne mai amana a idon jama'a, saboda haka asusunsa na banki yakan zama rumbun kowa. Kuɗin adashe a nan suke, kuɗin ginin masallacin unguwa a nan suke, da na marayun ɗan'uwansa, da na wani abokinsa da ya aiko daga Ikko a saya masa hatsi a Dawanau. Idan muka karɓi takardar banki sai mu ga kuɗi masu yawa sun shiga, shi kuwa ya ce rabinsu ba nasa ba ne. Mun yarda da shi, amma yardarmu ba hujja ba ce a gaban jami'in haraji. Shawararmu ita ce a raba asusun ciniki da na amana, kowace ajiya kuma a rubuta sunan mai ita da ranar da ta shigo. Wannan ba don haraji kaɗai ba ne. Ranar da mutum ya kwanta dama, magadansa ba su da hanyar gane kuɗin marayu daga na gado sai ta wannan rubutu. In kuwa rasit ya ɓace, ba mu ƙago wani. Mukan yi ƙiyasi gwargwadon abin da hankali zai ɗauka, mu rubuta cewa ƙiyasi ne.

Tambaya ta gaba ita ce ta zakka. Wani ya ce, "Na fid da zakka, me ya sa zan sake biyan haraji?" Wani kuma ya ce, "Gwamnati ta riga ta cire mini haraji, ai ya tsaya a matsayin zakka." Na biyun nan ya fi haɗari, domin rukunin Musulunci yake neman saryarwa. Zakka ibada ce mai niyya, mai nisabi, mai lokaci, kuma Allah da kansa ya ƙayyade mutum takwas da ake ba a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Haraji kuwa hukuma ke yankawa don hanyoyi da asibitoci da albashi, tana kuma canja adadinsa duk lokacin da ta ga dama. Shehun malami Yusuf Alƙardawi ya yi dogon bayani a littafinsa Fiƙhuz Zakat cewa haraji ba ya ɗauke zakka, kuma a kan haka galibin malamai suke. Abin da kawai za a ce shi ne, kuɗin da aka riga aka biya na haraji sun fita daga dukiya, ba za a lissafa su ba ranar da shekara ta zagayo. Game da na farkon kuwa, a ƙasar Maleshiya doka ta yarda a cire zakkar da mutum ya ba hukumar zakka daga harajin da ake binsa. Dokar Nijeriya ba ta yi wannan tanadi ba. Wanda yake ganin ya kamata a yi, to ga wakilansa nan a majalisa, ya kai musu kuka. Ba mu da ikon kafa wannan doka da alƙalaminmu a cikin takardar wani.

A nan ne za a ga illar ajiye littafi biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na nuna wa Gwamnati. Lissafin zakka daban yake da na haraji. Haraji riba yake bi, a shekarar Turawa mai kwana 365. Zakka kuwa uwar dukiya take bi, a shekarar Musulunci mai kwana 354. A mazhabar Imamu Malik, ɗan kasuwa mai juya kaya kullum yakan zaɓi wata guda a shekara, ya yi wa hajarsa kuɗi, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake binsa. Idan abin ya kai nisabi, watau dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, sai ya fid da ɗaya daga cikin arba'in. Duk waɗannan lambobi daga littafin kanti ake ɗebo su. Mun sha ganin wanda ya daɗe yana rage lambobi don ofishin haraji, har shi da kansa ya kasa tuna wanne ne na gaskiya. Da lokacin zakka ya yi sai ya ɗauko littafin da aka rage, ya tauye haƙƙin fakirai bai sani ba. Ya yi niyyar ɓoye wa Gwamnati, ya ƙare da cin haƙƙin miskini.

'Yan'uwanmu ma'aikatan Gwamnati su ma suna da tasu tambayar. Su a wurin biya ake cire musu haraji wata wata, tun kafin albashi ya shigo hannu, don haka sukan ɗauka sun gama. Amma da yawa suna da gidan haya, ko motar haya, ko kanti da aka buɗe da sunan uwargida. Doka tana tambayar duk abin da mutum ya samu, ba albashi kaɗai ba. Idan kantin na uwargida ne da gaske, jarinta ne, ribarta ce, to Musulunci ya riga ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, sai a cike mata takardarta daban. Idan kuwa suna kawai aka ara, mai gida ya san gaskiya, mu ma da muka ga takardun mun sani. Haka nan wanda banki ya zuba wa kuɗin ruwa, ya tsarkake dukiyarsa ya ba da su ga mabukata, ya kyauta, amma tun da sun shiga asusunsa sai a rubuta su yadda suka shiga.

Waɗanda ke aiki a ofishin haraji kuwa, mu tuna musu labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya tsawatar, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa wannan kyauta. Wani lokaci mai dukiya yakan miƙo mana ambulan ya ce mu kai wa jami'i "kuɗin goro" don a rufe fayil. Ba mu ɗauka, domin ɗan aike a tsakanin mai bayarwa da mai karɓa ba ya kuɓuta daga zunubin rashawa.

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Mai dukiya yakan ce, "Malam, ina hanyar? Ina ruwan famfon? Ina maganin asibitin? Don me zan ba su guminna?" Wannan kuka ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya soki jangali da sauran kuɗaɗen zalunci na sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali saboda yadda suka addabi talaka. Malamai irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi da suka halatta wa shugaba ya ɗora wa mawadata wani abu bayan zakka, sun gindaya sharuɗɗa: baitulmali ya gaza, buƙata ta tabbata, shugaba ya yi adalci. Saboda haka mai wannan kuka ba mahaukaci ba ne, kuma wanda ya ci kuɗin jama'a zai yi bayani a gaban Allah. Amma zaluncin wani ba ya halatta mana shaidar zur. Wanda aka yanka wa harajin da ya wuce kima yana da kwana 30 ya rubuta ƙin yarda, in ba a saurare shi ba ya wuce kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Wannan takarda mukan rubuta ta da ƙarfinmu duka, kuma ba ta yin tasiri sai a hannun mai littafi na gaskiya. Wanda ya biya kuma yana riƙe da rasit, shi ke da bakin tambayar inda kuɗin suka tafi.

Abu na ƙarshe shi ne sirri. Wanda ya buɗe mana littafinsa ya buɗe mana cikinsa. Mun san bashin da ke kansa wanda matansa ba su sani ba, mun san wanda ake gani attajiri alhali jarinsa ya karye. Abokin gasarsa a kasuwa zai zo da dabara ya tambaya, surukinsa zai tambaya, wani lokaci har ɗansa na cikinsa. Ba wanda muke gaya wa, sai abin da doka ta wajabta a miƙa wa hukuma, ko kuma magada bayan rasuwa, domin a lokacin dukiyar ta zama tasu.

To jama'a, shawararmu a taƙaice ita ce: ɗan kasuwa ya ajiye littafi ɗaya, ya adana rasit ɗinsa har shekara shida kamar yadda doka ta nema, ya raba dukiyarsa da ta amana, ya nemi kowane rangwame da doka ta ba shi, ya fid da zakkarsa cikakkiya daga wannan littafi guda. Idan zai zaɓi mai cike masa takarda, ya zaɓi wanda zai iya ce masa a'a. Tambayoyin fiƙihu masu zurfi kuma a kai su ga malamai, su ne ma'abota fatawa. Allah ya tsare mana alƙalumanmu da harsunanmu, ya sa albarka a cikin neman halaliyarmu, amin.