Ajiya Maganin Wata Rana: Tsaron Shafin Intanet

Mu da muke nazarin harshe da adabi mun saba jin labarin littattafan da suka salwanta: wani gara ta cinye shi, wani gobara ta lashe, wani kuwa aro aka yi ba a mayar ba. Abin da ya tsirar da waɗanda suka iso gare mu shi ne al'adar kwafa, domin littafi ɗaya yakan kasance a hannun almajirai da dama a garuruwa dabam-dabam. A yau mutane da yawa suna zaton abin da aka ɗora a intanet ya fi ƙarfin gara da wuta. A cikin wannan ɗan rubutu zan nuna raunin wannan zato, in kuma faɗi abin da na koya tun da aka damƙa mini kula da shafin ƙungiyarmu ta ɗalibai.

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa yawancin shafuka kashi biyu ne. Akwai fayiloli, wato hotuna da tsarin da ke ba shafi kamanninsa. Akwai kuma rumbun bayanai, inda rubutun kansa yake zaune. Wanda ya kwafi ɗaya ya bar ɗaya, kamar wanda ya adana bangon littafi ne ya bar takardun ciki.

Abin da ya same mu kuwa ya shafi harshenmu kai tsaye. Kamfanin da ke riƙe mana shafin ya mayar da shi kan wata sabuwar na'ura, sai aka juya rumbun bayanan zuwa wani tsarin haruffa na harsunan Turai wanda bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Duk inda suke, alamar tambaya ta maye gurbinsu. Wani zai ce ai gyaran mai sauƙi ne. To, in ya tarar da "?ari", ɗari ce, ko ƙari, ko ɓari? In ya ga "?aya", ɗaya ce ko ƙaya? Na'ura ba ta iya rarrabewa, sai mutum ya bi jimla jimla, alhali waƙoƙi da maƙalun ɗalibai na shekaru ne a ciki. Daɗin daɗawa, ba a lura da ɓarnar ba sai bayan makonni, don haka kwafin jiya da na shekaranjiya duk sun ɗauki cutar. Wani tsohon kwafi na watan da ya gabata shi ya fisshe mu. Daga nan na gane cewa ajiya ɗaya da ake shafewa kullum a zuba sabuwa ba ta wadatarwa, domin tana kwafe kuskure kamar yadda take kwafe daidai. Dole a jera zubi-zubi, na kwana da na mako da na wata, kowanne da ranarsa.

Kada a ɗauka ƙananan shafuka kaɗai irin wannan ke samu. A ran 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya share bayanai kusan gigabait 300 bisa kuskure. Da aka waiwayi hanyoyin ajiya biyar da kamfanin ya tanada, sai aka tarar babu wadda take aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan shi ya cece su, aikin awa shidan kuwa ya tafi. A watan Maris 2021 kuma gobara ta ƙone ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, kuma waɗanda kwafinsu yake wuri ɗaya da asalin suka rasa duka biyun. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ƙa'idar da masana suke bayarwa ita nake bi: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Kafin a taɓa kome a shafi, ko sabunta manhaja ne ko sauya tsari, sai a ɗauki kwafi tukuna. Abu mafi muhimmanci, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne gwaji. Lokaci lokaci nakan ɗauko tsohon kwafi in tayar da shi a wani wuri na dabam, in buɗe maƙala in duba ko haruffanmu masu lanƙwasa suna nan. Rumbun da ba a taɓa leƙawa ba, ba a rantsuwa a kan akwai hatsi a cikinsa.

Gaskiya ne akwai cibiyar Internet Archive da aka kafa a Amurka a 1996, wadda take adana tsofaffin kamannin shafuka. Amma ba kowane shafi take ziyarta ba, ba ta kuma ɗaukar rumbun bayanai, don haka ba a jingina da ita.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu tara waƙoƙin baka da kundayen bincike a kan na'ura, kowa ya tambayi kansa: kwafi nawa gare ni, ina suke, yaushe rabon da in buɗe su? Abin da aka sha wahalar tarawa daga bakin tsofaffi, in ya ɓace, ba lalle ne a sake samun mai faɗarsa ba.